Yadda Ake Hawan Babur Cikin Tsananin Sanyi

Ranar da na fara jin tsoron sanyi a kan babur ba faɗuwa na yi ba, saura ƙiris ne. Na fito da asuba, na yi kusan minti 40 ina gudu a buɗaɗɗiyar hanya, safar hannuna kuwa siririyar nan ce ta fata da nake sawa lokacin zafi. Da farko yatsuna suka yi ta zugi. Can zugin ya lafa, har na ji daɗi, a zatona jiki ne ya saba. Ina isowa wata mahaɗa sai motar gabana ta taka birki. Idona ya gani, zuciyata ta ce kama, amma yatsun hannun damana suka tsaya cak kamar ba nawa ba. Da ƙyar na haɗa da birkin ƙafa, tayar baya ta ɗan ja ƙasa, sannan na tsaya, tsakanina da bayan motar bai fi taku ɗaya ba. Na gangara gefen titi na kashe injin, sai ga shi na kasa zare makulli. Yatsu biyu sun ƙi haɗuwa su riƙe ɗan ƙarfen nan.

Tun daga ranar na gane cewa a hunturu mahayi ne ke fara lalacewa kafin babur, kuma ta hannu abin ke shigowa. Zafin jikin ɗan Adam yana zaune ne wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Da jiki ya ji ana kwashe masa ɗumi, sai ya tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke yatsu da ƙafafu don ya tattara jini a ƙirji da ciki, inda zuciya da sauran kayan rai suke. Dabara ce mai kyau ga wanda ke zaune, amma ga mai tuƙa babur masifa ce, domin birkin gaba da kuloci da totur duk a yatsu suke. Lafawar zugin da na ji a ranar nan ba sauƙi ba ne, yatsun ne suka daina kai rahoto. In kuwa sanyin ya ci gaba har zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, to hankali ma ya fara tafiya: mutum ya riƙa yanke shawara a makare, kuma shi kansa bai san yana yi ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne suna tsayawa a ƙofar gida su ji iska su ce ai yau da sauƙi. Sanyin tsaye daban, na kan babur daban. Jikinka yana ɗumama wata 'yar siririyar iska da ke manne da fata, gudu kuma yana share ta a kai a kai, kamar yadda kake hura abu mai zafi ya huce. Wasu masu bincike biyu 'yan Amurka, Paul Siple da Charles Passel, su ne suka auna wannan a yankin ƙanƙara na Antatika a farkon shekarun 1940: suna rataye gwangwanayen roba cike da ruwa a waje, suna duba tsawon lokacin da zai ɗauka ya daskare a iska mai ƙarfi da marar ƙarfi. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka sabunta lissafin. In ka bi shi, ranar da ma'auni ya nuna digiri 10 kana gudun kilomita 80 a awa, fatarka tana jin kamar digiri 4 ne. In digiri 5 ne, tana jin kamar 3 ƙasa da sifili. In kuwa sifili ne kana gudun kilomita 100, to kamar 11 ƙasa da sifili. Saboda haka kada ka yi shiri don sanyin da ka ji a tsakar gida, yi don wanda za ka tarar bayan rabin awa a kan hanya.

Kayan sawa hawa uku nake yi musu, kuma kowanne da aikinsa. Na jikin fata aikinsa ya janye gumi. Nan ne na fi ganin ana kuskure, don kowa hannunsa kan singiletin auduga yake kaiwa. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ruwa kuma yana kwashe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ka tura babur ka fito da shi, ka buga kik sau biyar, ka ɗan yi zufa a baya, to wannan 'yar danshin ita za ta zame maka ƙanƙara a gadon baya in gudu ya yi nisa. Nemi siririyar rigar ulu ko ta zaren roba irin ta 'yan wasanni, mai dogon hannu, da wandonta. Hawa na biyu rigar sanyi ce mai laushi da ke riƙe iska a cikin gashinta. Ba kaurin tufa ke ɗumama mutum ba, iskar da ta maƙale a ciki ba ta motsi ita ce bargon. Na uku, na waje, jaket ce da iska ba ta ratsawa, ruwa ma haka, kuma a ce tana da matashin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, don hunturu bai soke faɗuwa ba.

In aka ce in zaɓi ɗaya a cikin ukun, na wajen zan ɗauka. Na ga mutum da rigunan sanyi uku na saƙa yana rawar ɗari, iska tana bi ta ramukan saƙar kamar rariya, na kuma ga wanda ya sa guda ɗaya ya ɗora rigar ruwa a kai yana tafiyarsa lafiya lau. Rigar ruwan nan mai arha tana cetona ko ba hadari a sama. In sanyi ya ritsa da kai a hanya ba shiri, tura tsohuwar jarida ninki uku ko huɗu tsakanin ƙirjinka da jaket. Masu tseren keke a Faransa sun daɗe suna yin haka in za su gangaro daga kan tsauni, kuma tana aiki.

Sai mahaɗai. Sanyi ba ta tsakiyar tufa yake shiga ba, ta bakinta yake bi: wuya, wuyan hannu, ƙugu, idon sawu. Kafin ka tashi, zauna kan babur ka miƙa hannu ka kama kansa kamar kana tafiya, ka ji inda fata ta buɗe. Yawanci jaket takan ɗage ta baya, hannun riga kuma ya ja da baya ya bar wuyan hannu a fili. Cusa rigar ciki a wando, ja zif har sama, ka rufe wuya da ƙyalle irin mai kama da bututu wanda ake zurawa ta kai. Ina roƙonka kada ka naɗa dogon ƙyalle mai jela. In jelar ta kwance ta faɗa kaca ko tayar baya, wuyanka za ta ja. Kuma duk abin da ka sa, kada ya matse ka. Tufa matsattsiya tana kore iskar da ke ɗumama ka, tana kuma tare jini. In ba ka iya juya wuya ka duba baya sosai, rage wani abu.

Yanzu hannu, wanda shi ne tushen maganar. Safar hannu ta hunturu tana bukatar abu uku: ta tare iska, ta tare ruwa, kuma ta bar ka ka ji lebar birki. Na ukun nan ake mantawa. Akwai safa mai kauri kamar matashi wadda za ta ɗumama ka amma ba za ka iya danna madannin sigina ba tare da ka danna ham ba. Gwada ta a kan babur kafin ka amince da ita. Dunƙule hannu kamar ka riƙe totur, ka ji ko kan yatsunka yana tokarar ƙarshen safar. In yana tokara, ta yi maka kaɗan. Ana so a sami ɗan fili a gaba inda iska mai ɗumi za ta zauna. Ta zama mai dogon wuya da zai hau kan hannun jaket. Amma in ruwa ake yi, ni nakan cusa wuyan safar a ƙarƙashin hannun jaket, don ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa kada ya zube cikinta.

Gaskiyar magana, ba safar da ta isa ita kaɗai in tafiya ta wuce awa ɗaya cikin ɗari mai tsanani. Abin da ya canja mini rayuwa shi ne tare iskar tun kafin ta iso hannu. Garkuwar roba da ake ɗaurawa gaban leba tana rage ta sosai. Wadda ta fi ta ita ce jakar nan da ake sanya wa kan babur dama da hagu, kana zura hannu a ciki. Ba ta da kyan gani, amma a cikinta ko da matsakaiciyar safa yatsu suna nan da ransu. Abu ɗaya za ka kula: in gudu ya yi yawa iska tana iya danna jakar ta taɓa lebar birki ko ta kuloci, don haka a ɗaure ta kan garkuwa ko wani ƙarfe da zai tokare ta. Akwai kuma mariƙi mai ɗumama da lantarki. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai tafin hannu yake ɗumamawa, bayan yatsu kuwa da ke fuskantar iska yana nan a sanyi, shi ya sa haɗa shi da garkuwa ya fi. In za a saka maka, ka ce a haɗa wayarsa ta yadda zai mutu da ka kashe makulli, in ba haka ba wata safiya ka tarar da batir ya kwanta. Wani abin da mutane ba su lura ba: in ƙirjinka da ɗumi, jiki ba ya rowar jini ga yatsu. Sau da yawa maganin sanyin hannu ƙarin riga ne.

Ƙafa ba ta da dogon bayani. Takalmi mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, da safar ulu guda ɗaya mai kyau. Safa biyu a takalmin da ya matse sun fi guda ɗaya kawo sanyi.

Hular kwano mai rufe fuska duka ita ce ta hunturu, amma tana da nata ciwon: numfashinka mai ɗumi yana bugun gilashi mai sanyi ya zama hazo, musamman in ka tsaya a danja. Cikin daƙiƙa biyu sai ka daina ganin komai. Buɗe gilashin kaɗan, kamar kaurin yatsa, duk lokacin da ka rage gudu, ka buɗe ƙofar iskar da ke haɓa, ka riƙa fesar da numfashi ƙasa. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne gilashi na biyu da ake maƙalawa daga ciki, irin na Pinlock, wanda ke barin iska tsakanin gilasan biyu. Kada ka goge cikinsa da safa, yana saurin karcewa. Baƙin gilashi kuma ajiye shi, don a hunturu rana ba ta daɗewa, duhu zai iya riskarka kafin ka koma.

Shi ma babur yana jin sanyi, sai dai nasa a bayyane yake. Batir yana rauni daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri injin ke neman ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Batir mai lafiya cike da caji yakan nuna ƙarfin lantarki wajen bolt (volt) 12.6 in babur na kashe. Wanda ke jan ƙafa tun lokacin zafi, safiyar sanyi ta farko zai ba ka kunya. A galan ɗin baƙin mai za ka ga rubutu irin 10W-40. Lambar da ke kafin W, wato 10 ɗin nan, tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, in ta yi ƙasa ya fi saurin zagaya injin da safe, amma bi abin da littafin baburinka ya ce. In naka mai lagireto ne, kada ka bar zallar ruwa a ciki inda ake daskarewa, domin ruwa yana kumbura in ya zama ƙanƙara, yana iya fasa ƙarfe. A zuba ruwan da aka haɗa da maganin daskarewa. Mai kafireta ya ja cok, ya mayar da shi da zarar injin ya daidaita. Minti ɗaya ko biyu sun isa ɗumama shi, sauran a hanya cikin tafiya a hankali. Kuma kada ka taɓa barin injin yana aiki a rufaffen gareji don kana gudun iska. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashewa.

Taya ta fi duk waɗannan muhimmanci. Iskar cikinta tana raguwa kusan psi 1 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 ko 6, don haka tayar da aka cika lokacin ɗumi ta riga ta yi ƙasa. Sa geji ka auna da safe kafin ka hau, ka cika daidai yadda kamfani ya rubuta. Roba mai sanyi tauri take yi, ba ta kama kwalta yadda ka saba. Kilomitocin farko ka ɗauka kamar kana kan aron babur: kada ka kwantar da shi a kwana, kada ka fizgi totur. Karkaɗa babur dama da hagu da wasu ke yi wai don ɗumama taya ba ya tsinana wani abin kirki; tafiya a miƙe, da ƙara wuta da rage ta a natse, su ke sa roba ta ɗauki zafi.

A kan hanya, ka'idata ɗaya ce: kada in yi wa taya ba-zata. Birki a hankali, totur a hankali, sakin kuloci a hankali, kuma in gama rage gudu babur na tsaye kafin in shiga kwana. Dokokin hanya na Birtaniya sun ce a bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da motar gabanka a busasshiyar hanya, a ninka in ta jiƙe, a kan ƙanƙara kuwa nisan tsayawa yana iya ninkuwa har sau goma. Ka ƙara da cewa a gudun kilomita 80 kana cin mita 22 duk daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa ɗaya da sanƙararrun yatsu suka jawo ya kai tsawon motoci huɗu ko biyar. ABS, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa in an kama birki da ƙarfi, yana taimako in kana da shi, amma ba ya ƙirƙiro riƙo inda babu.

Ruwa yana daskarewa a sifili, amma ni daga digiri 3 ko 4 nake fara zargin hanya, don ƙasa takan fi iska sanyi da sassafe. Gada ce ke fara daskarewa, saboda iska na bi ta samanta da ƙarƙashinta. Sai inuwar bishiyoyi da ta dogayen gine-gine inda rana ba ta kai ba, da kwari kusa da ruwa. Mafi sharri ita ce siririyar ƙanƙara da ba a gani, wadda kwalta ke bayyana ta cikinta kamar ta ɗan jiƙe kawai. In ka ga hanya na sheƙi amma tayoyin motar gabanka ba sa feso ruwa, kuma ƙarar tayarka ta yi shiru, to a kanta kake. Kada ka taɓa birki, kada ka juya kan babur, kada ka saki totur farat ɗaya. Sassauta riƙo, dubi can gaba inda kake son zuwa, bar babur ya wuce a miƙe. Fentin layin hanya da murfin ƙarfe na magudana da jiƙaƙƙen ganye su ma santsi gare su, tsallake su babur na tsaye. In kuma ka leƙa ka ga dusar ƙanƙara ta kwanta ko hanya ta daskare gaba ɗaya, bar babur a gida. Mota in ta zame tana da ƙafa huɗu, kai biyu gare ka, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ka tuna su ma direbobi gilasansu sun yi hazo, rana kuma tana ƙasa-ƙasa tana dukan ido safe da yamma. In inuwarka ta miƙe dogo a gabanka, duk wanda ke fuskantarka rana ce a idonsa, mai yiwuwa bai gan ka ba. Kunna fitila ko da rana, sa wani abu mai ƙyalli a jiki, goge fitilun gaba da baya kafin ka fita.

Sai tsayawa, wadda ita ce ta fi wuya, don zuciya kullum cewa take saura kaɗan. Ni yanzu ba na jiran in ji sanyi. Duk minti 45 zuwa awa ɗaya nake sauka. Ina da gwajin da nake yi in na tsaya a danja: in taɓa babban yatsa da ɗan ƙaramin yatsa na hannu ɗaya. In abin ya yi mini nauyi, tafiya ta tsaya ke nan. Haka in na lura na manta sigina a kunne, ko na kasa tuna kilomitocin da na wuce, ko kafaɗuna sun ɗage sun ƙame har kunne. Rawar ɗari gargaɗi ce babba. In kuwa mutum ya yi ta rawar ɗari sannan ta tsaya alhali bai ɗumama ba, maganarsa ta fara sarƙewa, barci na fizgarsa, wannan ya wuce batun hutawa, a kai shi wuri mai ɗumi a nemi likita. Shiga ciki in akwai inda za a shiga, buɗe jaket ɗumi ya ratsa ka, taka ƙafa, wurwura hannuwa jini ya sauka, sha wani abu mai zafi, kuma kada ka hau da yunwa don jiki da abinci yake hura wutarsa. Barasa ba ta ɗumama kowa. Buɗe jijiyoyin fata take yi ɗumi ya ƙara tserewa. In ka goya wani, ka tambaye shi a kai a kai, domin shi ba ya motsa komai, ya fi ka saurin daskarewa, kuma kunya na iya hana shi faɗa.

In ka isa hannunka ya sanƙare, kada ka ɗora shi kan injin ko salansa. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba ka sani ba. Na taɓa ganin tabon haka a tafin wani abokin tafiyata. Kada kuma ka murza yatsun da suka yi fari suka yi tauri. Cusa su a hammata, ko ka tsoma a ruwa mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, ka jure zugin da zai biyo baya. In launi da ji ba su dawo ba, ko fata ta yi bororo, sai asibiti.

Inda ake watsa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, ɗauraye babur da ruwan sanyi in ka dawo, musamman ƙarƙashinsa da wajen birki, ka tsane kaca ka sa mata mai, in ba haka ba kafin hunturu ya fita tsatsa ta cinye ta. Safar hannu kuma kada ka bar ta cikin hular kwano ta kwana. Buɗe bakinta ka ajiye inda iska mai ɗumi ke zagayawa, nesa da wuta don fatar kada ta ƙeƙashe. Ni biyu nake da su, ɗaya a hannu ɗaya a jaka cikin leda, saboda safar da ta kwana da danshi minti goma kacal take yi a hanya kafin yatsu su fara zugi.